Harsasan Baba Delmer

A kwarin Laurel Fork, can cikin duwatsun gabashin Kentucky, da wuya ka sami matashin da Delmer Caudill bai taɓa harararsa ta madubin mota ba. Shekara goma sha shida yana tuƙa motar 'yan makaranta, tun daga bakin gada har gida na ƙarshe inda kwalta ta ƙare. Ya san wanda ke fitowa ba karin kumallo, ya san gidan da aka kwana ana faɗa. Yara suna ce masa Baba Delmer, har suka girma suka haifi nasu bakin bai sauya ba.

Kafin motar, kwal ya haƙa. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga rami, ramin da ya danne mahaifinsa shekara biyar kafin nan, bai kuma bar shi ba sai ranar da kamfani ya sa wa ƙofa kwaɗo. Abokan aikinsa sun shaide shi da rashin firgita. Idan rufin rami ya fara ƙara kowa ya zubar da kayan aiki, Delmer ne na ƙarshen fita, yana ƙirga mutane da fitilar goshinsa. Abin da ya fito da shi daga shekara talatin ɗin nan shi ne ɗan fansho da huhun da ƙurar kwal ta cinye. Da tari ya yi yawa ya ajiye tuƙi. Daga nan sai na'urar iska a gefen kujera, da siririn tiyo a hanci.

Matarsa Nola kuku ce a makarantar garin har ta yi ritaya. Gajeruwa ce mai saurin hannu, bakinta kuma ya fi hannun sauri. 'Yarsu ɗaya, Glenna, tana aikin jinya a Ohio.

Zaman gida bai karɓi Delmer ba. Farautar da ya taso da ita ta gagara, don ko matakalar baranda sai ya tsaya a tsakiya ya huta. Sai rediyo ta zama abokiyar hirarsa, rediyon kuwa ba ta da labari sai na lalacewar duniya. Ana cikin haka aka fasa masa rumfar kayan aiki da rana tsaka, suna coci, aka ɗauke injin yankan itace. Bai ga kowa ba, amma zuciyarsa ta tsaya a kan mutanen saman kwari, inda ƙwaya ta lalata samari da yawa. Yaran da ya ɗauka a motarsa, yanzu in sun wuce a babur sai ya bi su da ido har su ɓace.

Sai ga korona. Likitansa ya kira shi a waya, bai ɓoye masa komai ba: da irin wannan huhu, in cutar ta kama shi ba zai tashi ba. Aka rufe coci. Glenna ta ce kada su bar kowa ya shigo, ita ma ba za ta zo ba sai abin ya lafa. Mutumin da dutse ya yi shekara talatin yana ƙara a kansa bai girgiza ba, sai ga shi yana tsoron hannun ƙofa. A rediyo kuma ana ta cewa kantuna za su ƙare, mutanen birni za su bazu cikin ƙauyuka suna ƙwace.

A watan Afrilu tallafin gwamnati ya shigo, dala dubu da ɗari biyu kowane mutum, nasa da na Nola. Tun kafin ya iso Nola ta gama yi masa wuri. Kwanon rufin ɗakin girki ya yi shekara uku yana yoyo, daidai kan murhu.

Ranar Talata Delmer ya ce zai je karɓo magani. Ya ɗora ƙaramar tukunyar iska a kujerar gefe, ya ɗaura takunkumi biyu, ya tada a-kori-kurarsa. Kanti huɗu ya shiga a ƙananan hukumomi uku. A na farko ya sayi sabuwar bindiga baƙa mai cin harsashi talatin, irin wadda bai taɓa riƙewa ba. A sauran kuwa harsashi ya bi yana kwasa. Kowace bindiga da irin harsashinta, Delmer ya fi kowa sanin haka, amma ranar bai tsaya zaɓe ba. Na bindigogin da yake da su ya saya, na waɗanda bai mallaka ba ma ya saya, wai ko za a yi musaya da su in takardar kuɗi ta daina aiki. A kantin garinsu, mai kantin ya dube shi ya ce, "Baba Delmer, yaƙi za ka fita ne, ko ka bar wa wasu kwali biyu?" Ya biya kuɗi ya fita.

Sai la'asar ya dawo. Nola tana tsaye a baranda da tsumman goge hannu, tana kallon yadda bayan motar ya sunkuya.

"Maganin ne ya yi nauyi haka?"

"Nola, ba ki san abin da ke zuwa ba."

"Na sani mana. Ruwa ne ke zuwa, ranar Juma'a, sun faɗa a talabijin." Ta sauko ta ɗaga tamfol, ta daɗe tana kallo. "Har da nawa kuɗin?"

"Don ke na yi."

"To, na gode. Shekara arba'in da tara ina jiran ka yi mini tsaraba."

Ita ta taya shi sauke kayan ma, don shi ba zai iya ba, suka jera su a ɗakin ƙasa kusa da kwalaben wake da tumatir da ta dafa ta ajiye. Ranar Juma'a da ruwa ya sauko, ta juye harsasan wani akwatin ƙarfe a kan kujerarsa, ta kai akwatin kan murhu ya tari yoyo. Duk damina ƙarar ɗigon ruwa cikin ƙarfen nan ce ke yi mata magana.

Delmer ya koma zaman baranda da sabuwar bindiga a jingine kusa da ƙafarsa. Mayu ya wuce, Yuni ya wuce, masu ƙwacen ba su zo ba. Kowa ma bai zo ba. Mai kai wasiƙa yakan ɗaga hannu daga cikin mota ya wuce. Wata rana cikin Agusta wata farar mota da bai sani ba ta shigo layinsu a hankali. Kafin ya yi tunani bindiga tana kan cinyarsa, babban yatsa a kan makullinta. Motar ta tsaya, matar fasto ta fito da kwalin abincin gwangwani da ake raba wa tsofaffi. Ta ga abin da ke hannunsa. Ta ajiye kwalin a kan ciyawa, ta ce Allah ya ba da lafiya, ta juya.

Nola ta fito ta ɗauki kwalin. Wannan karon ba ta yi ba'a ba, shi ne abin da ya fi yi masa ciwo. Da yamma ya cire harsasan, ya sauka da bindigar ɗakin ƙasa, yana hutawa a kowace matakala.

Da kaka ta shigo, abin da rediyo ta yi ta faɗa bai faru ba, wani abin daban ne ya faru. Kamfanin yanka katako da ke ɗauke da rabin magidantan kwarin ya sallami ma'aikata. Nama ya yi tsada. A Laurel Fork kuwa barewa ɗaya a firiza ita ce naman gida har ƙarshen hunturu, biyu in yara suna da yawa. Lokacin farauta ya matso, sai aka wayi gari babu harsashi a kowane kanti, daga nan har birnin Lexington. Ƙasar gaba ɗaya ta yi irin abin da Delmer ya yi.

Saura kwana uku a buɗe farauta, wata mata ta tsaya a bakin shingensu da takunkumi a fuska, hannuwa cikin aljihun riga. Raelynn Tackett ce, daga saman kwari, uwar 'ya'ya uku. Tsohon mijinta na cikin waɗanda Delmer ya zarga a ransa da satar injin.

"Baba Delmer, ina yini. Ba zan matso ba."

"Wace ce? Raelynn? Mai cusa cingam a ƙarƙashin kujera ta bakwai?"

"Ta takwas." Ta yi 'yar dariya, ta sunkuyar da kai. "Mai kanti ne ya ce in zo nan. Ya ce duk abin da ake nema a jihar nan yana ƙarƙashin gidanka."

"Haka ya ce?"

"Ya faɗi wasu maganganun ma, amma ba na maimaitawa a gaban Mama Nola."

Bindigar marigayi mahaifinta ce a wurinta, tsohuwa, ta gaya masa irin harsashin da take ci. Guda biyar take so. Delmer ba shi da irin wannan bindiga, amma ya san yana da harsashinta kwali tara. Kunya ta rufe shi, ya rasa ta wace fuska zai dube ta. Ya leƙa ciki zai yi magana, ya tarar Nola ta riga ta sauka ɗakin ƙasa.

Ta fito da kwali guda ta ajiye a kan ginshiƙin shinge. Raelynn ta buɗe, ta ƙirga biyar, ta rufe.

"Ɗauki duka," in ji Delmer.

"Biyar sun isa. In na ɓarar da biyar, ban cancanci nama ba." Ta sa hannu a aljihu za ta fito da kuɗi, ya ɗaga mata hannu.

"Mayar. Ta ina za ki hau dutsen?"

Ta ce bayan tsohon ramin kwal. Ya girgiza kai. Can kowa zai taru, ƙarar babura kaɗai ta isa ta kore su. Ya sa Nola ta kawo masa bayan ambulan da biro, ya zana mata hanya: ta bi rafi har inda ya rabu biyu, ta ɗauki na hagu, akwai wata tsohuwar gonar tufa da aka bari tun zamanin kakansa, itatuwa huɗu sun rage. Ta zauna ta sama da su, iska na bugun fuskarta, kada ta sha taba, kada ta taɓa waya. Ya yi shekara tara bai taka wurin ba, amma yana magana yana ganin kowane dutse. Sai da tari ya tsayar da shi ya lura ya yi kusan rabin awa yana zuba.

Ranar Lahadi da hantsi ta dawo da cinyar barewa a naɗe cikin jakar leda, ta rataye a shinge. Kusa da ita ta jera harsashi huɗu.

Labari ya bi kwari. Washegari mutum biyu suka zo, rana ta biyu shida. Suna tsayawa a bakin shinge su faɗi irin bindigarsu, Nola ta sauka ta hau, tana mita cewa gwiwoyinta ba na gwamnati ba ne. Delmer bai karɓi ko sisi ba, sai dai duk wanda ya zo sai ya tsaya an yi hira, an kuma gaya masa inda zai hau. Wani ya kawo itacen wuta, wani zuma, wata ta kawo burodin masara da zafinsa. Nola ce ta sa doka: wanda ya zo yana warin giya ya koma ya dawo gobe, kuma duk wanda ya samu barewa biyu ya kai rabin ɗaya coci, a raba wa waɗanda ba su da mai hawa dutse.

Ba kowa ne ya zo da fara'a ba. Wani ya karɓa, sannan ya ce da Delmer bai kwashe ba ai da ba su zo roƙo ba. Delmer ya ce gaskiya ne. Mutumin ya tsaya kamar yana jiran gardama, da bai samu ba ya tafi.

Ana saura kwana biyu a rufe farauta Coy Sizemore ya zo. Dogo ne, ɗan shekara talatin da 'yan kai, kafinta. Tun yana yaro shi ne mai zama a kujerar bayan direba ba ya magana. An san aikinsa ya tsaya, an kuma san matarsa ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta a Tennessee. Ya yi aski, ya sa riga mai tsabta. Ya ce harsashin ƙaramar bindiga yake so, ta hannu.

"Ba a harbin barewa da wannan, Coy."

"Na sani. Wani abu ne ke damun kaji."

"Guda nawa?"

"Ko ɗaya ma ya isa."

Delmer ya dube shi. Coy ba shi da kaji, kowa ya sani. A rami Delmer ya koyi cewa rufin da ke ƙara ba shi ne abin tsoro ba, wanda ya yi tsit ne. Nola ta riga ta juya za ta sauka, ya kama gefen rigarta.

"Irin wannan ya ƙare," ya ce, alhali akwai kwali ashirin a ƙasa. "Amma tunda Allah ya kawo ka, zo ka duba mini wani abu. Matar nan ta hana ni sakat a kan kwanon ɗakin girki. Ga tsani can."

"Baba Delmer, yau ba ni da..."

"Ni zan hau ke nan? Da tiyo a hanci?"

Coy ya hau. Ya daɗe a sama, ya sauko ya ce katakon ƙasa ya ruɓe, aikin kwana huɗu ne. Delmer ya ce to gobe ƙarfe takwas, kuma ya zo da bindigar hannun nan tasa, yana son ya gani ko za su yi musaya. Nola ta zuba wake da burodin masara ta ajiye a matakala, ta ce ba a barin gidanta da yunwa. Coy ya zauna can nesa ya ci, yana ci hawaye na zuba. Yana fita Delmer ya kira fasto, ya kira yayan Coy, ya ce kada a bar shi ya kwana shi kaɗai.

Da safe ya zo, da bindigar a cikin jakar takarda. Delmer ya karɓa ya ba Nola ta kulle, ba a sake maganar musaya ba. Aikin kwana huɗu ya ci mako uku, don kullum sai Delmer ya samo wani abin da ya lalace. Kuɗin kwano da katako kuwa daga baƙar bindigar nan suka fito, Delmer ya mayar da ita kantin da ya saye ta ba a taɓa harba ta ba. A cikin makonnin nan yayan Coy ya fara kai shi ganin likita a garin Hazard duk ranar Alhamis. Matarsa ba ta dawo ba, amma ta yarda yara su zo masa Kirsimeti. Rufin ya daina yoyo a kan murhu. Ya koma yi kaɗan ta wajen taga, Nola ta ce wannan ta iya zama da shi.

Cikin Fabrairu, mako biyu bayan an yi wa Delmer allurar rigakafi ta farko, aka yi ruwan ƙanƙara irin wanda tsofaffi ma ba su tuna ba. Itatuwa suka yi ta karyewa suna faɗa wa wayoyin lantarki. Wuta ta ɗauke a duk kwarin, na'urar iskar Delmer ta tsaya. Ƙananan tukwanen iskar da yake da su na yini ɗaya ne da rabi. Waya ba ta shiga, hanya kuma itatuwa sun rufe ta tun daga gada.

Washegari da hantsi suka ji kukan injinan yankan itace daga ƙasa, yana matsowa. Wajen azahar Raelynn ta bayyana a layinsu da mutum biyar a bayanta, fuskokinsu duk garin katako. Coy ne ya shigo, ya ce a coci akwai janareta, can kowa ya taru.

"Ba zan iya taka ƙanƙarar nan ba," in ji Delmer.

"Wa ya ce ka taka?"

Ya goya shi kamar yaro har bakin mota, Nola na biye da tukunyar iska a rungume, tana faɗa wa Coy ya kula da tiyo.

Kwana tara suka yi a cocin. An ajiye Delmer a ofishin fasto kusa da soket, aka bar ƙofa a buɗe, aka gitta benci don kada yara su shiga. Daga nan yana ganin zauren duka: katifu a jere, tsofaffi na karta, manyan tukwane biyu a kan murhun gas. Naman barewar da aka tara tun Nuwamba shi aka yi ta dafawa da dankali da albasa, Nola ta karɓe ludayi tun ranar farko ba wanda ya isa ya karɓa. Kusan shekara guda rabonsa da zama da mutum fiye da uku wuri ɗaya. Matar fasto ce ke kawo masa kofi da safe. Rana ta biyu ya buɗe baki zai yi maganar watan Agusta, ta ce kofin zai huce.

A rana ta biyar wata tsohuwa, Ottie Combs, wadda ta girme shi da shekara goma sha biyu, ta taso da sandarta har bakin bencin. Ta miƙo masa wani abu a cikin cokali, ɗan guntun dalmar harsashi da ya lanƙwashe, wanda ta tsinta a cikin naman.

"Delmer, ga kayanka. Saura kaɗan ya tafi da haƙorina, guda huɗu suka rage mini."

"Ki riƙe, Inna Ottie, kyauta ce."

"Kyautarka ke nan tun kana yaro, ba ta da amfani sai an tauna." Ta juye shi a tafin hannunsa, ta koma wajen kartarta.

Ya yi dariya har tari ya kama shi, Nola ta leƙo daga wajen tukwane ta ga lafiya, ta koma. Ranar da wuta ta dawo aka mayar da su gida, suka tarar bututun ruwa ya fashe a ɗakin wanka. Coy ya duba ya ce shi kafinta ne, ba mai gyaran famfo ba, amma zai zo da safe ya gwada.